Ƙafar Birkin Herlinda

A layin kombi, ƙananan motocin hayar nan da ke sauka daga ƙauyenmu zuwa birnin Tlaxcala, mace ɗaya ce direba, ita ce Herlinda. Motar ta mahaifinta ce. Da ya rasu dangi suka taru suna shawarar wa za a sayar wa, ita kuwa ta zari makulli daga jikin ƙusa ta je ta shiga layi, ba ta nemi izinin kowa ba. Mazan tasha sun yi surutunsu har suka gaji. Abin da ya rufe musu baki gangaren dutsen Malinche ne, hanyar nan mai kwana-kwana da hazo ke rufewa da safe. Duk wanda ya taɓa shiga motar Herlinda ya san takun birkinta. Tsohuwa da kwandon ƙwai a cinya ba ta ko dafe shi. Don Macario, shugaban tasha, mutumin da bai iya yabo ba sai ya haɗa da zagi, cewa yake, "Ja'irar nan ƙafar dama kawai gare ta, sauran jikin 'yan rakiya ne."

To ita wannan ƙafar ce ta fara. Wata safiya Herlinda ta sauko daga gado ta ji kamar auduga ta taka. Ta buga ƙafar da ƙasa, ta murza ta, ta ɗora wa kwanciya laifi, ta tafi aiki. Kafin mako ya zagayo abin ya hau gwiwa, ya hau cinya, ya tsaya a ƙugu. Ƙafar tana motsi yadda ake so, ji ne kawai babu. Ta ajiye mota, ta aika wa Don Macario cewa mura ce ta kwantar da ita.

Likitan ƙauye ya dube ta, mace mai shekara talatin da 'yan kai, ba miji, tana aikin maza, ya ce damuwa ce. Ya rubuta mata allurar bitamin, wadda a wajenmu ita ce maganin komai, daga ciwon baya har mutuwar aure. Na biyu, a Tlaxcala, ya ce kujerar mota ce ta danne mata jijiya, ta je ta sayi matashi. Na uku ya fi su tunani, kuma shi ya fi su ɓata mata lokaci. Ya ce akwai wani ciwo da ke farawa haka, amma na Turawan ƙasashen ƙanƙara ne. Ya kalli fatarta, ya kalli sunan gidansu, ya ce irinmu 'yan gindin dutse ba mu cika yin sa ba. Zai dai tura ta wajen likitan jijiyoyi a Puebla don a kawar da shakka. Takardar da aka rubuta don kawar da shakka kuwa ba ta sauri, can ƙarƙashin tuli ake sa ta.

Kafin layi ya zo kanta an yi girbin masara har an fara mantawa da ɗanyarta. Ƙafar ta dawo da kanta, sai ɗan abin da ba a rasa ba a yatsu, Herlinda ma ta koma aiki. Don ta ita, da ba ta je Puebla ba. Yayarta Chayo ce ta tasa ta gaba. Chayo tamal take sayarwa a bakin coci, wato irin alalar nan ta masara, mace ce mai jiki da murya, kuma ba ta taɓa yarda akwai gidan da ba shi da ƙofar baya ba.

Likita Arizmendi, ta jijiyoyi, siririyar mace ce mai furfura, ba ta da gaggawa ba ta da fara'a. Ta sa aka tura Herlinda cikin bututun nan mai ƙara aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da lakarta, aka kuma tsira mata doguwar allura a baya aka ɗebi ruwa. Ranar sakamako ta juyo musu da fuskar kwamfuta.

"Kin san wayar mota," ta ce wa Herlinda. "In robar jikinta ta sale, wuta ba ta isa inda aka aike ta daidai. Jijiyoyin mutum ma riga gare su. Akwai ciwon da jiki da kansa yake cin rigar nan, yau nan, gobe can. Sunansa esklerosis. Waɗannan fararen ɗigon a ƙwaƙwalwarki, da wannan na lakarki, sun yi kama da aikinsa. Ruwan bayanki ma ya nuna alama."

"To ai shi ne ke nan," in ji Chayo. "A ba mu magani mu kama gabanmu."

"A zuciyata shi ne. A takarda ban isa in rubuta ba tukuna."

Ta yi musu bayani sau biyu, don Chayo ta katse na farkon. Ciwon ba shi da gwaji guda da zai ce ga shi. Abubuwa da yawa suna barin irin wannan tabo, har da tsutsar naman alade, kuma maganin esklerosis mai nauyi ne, ba a ɗora wa mutum shi har ƙarshen ransa bisa zato. Saboda haka likitocin duniya suka kafa ƙa'ida: sai an nuna ciwon ya taɓa wuri fiye da ɗaya, kuma ya zo fiye da sau ɗaya. Wuri dai ga shi a hoto. Zuwa na biyun ne babu. Ruwan baya yana ƙara ƙarfin zato, amma ƙa'idar ba ta karɓe shi a madadin zuwa na biyu ba. In kuwa ba suna, kwamitin asibiti ba ya sakin magani.

"Da an ɗauki hoton nan lokacin da abin yake kanki," in ji likitar, "da sabon tabon ya haska kusa da tsofaffin, mu ce ga na da, ga na yanzu, magana ta ƙare. Yanzu duk sun huce. Ba a gane wanda ya riga wani."

Herlinda ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ce, "Maganin yana warkarwa?"

"Ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Dawowar ciwon yake ragewa."

"Wato maganin hana shi dawowa, sai ya dawo ake ba da shi."

Likitar ba ta musa ba. Ta ce akwai hanya ɗaya kuma: in wani hoton nan gaba ya nuna sabon tabo tun kafin jiki ya ji, ƙa'ida ta karɓi wannan ma.

Na'urar ɗaukar hoton ta asibitin ta lalace a damina, aka ce ana jiran kayan gyara. Chayo ba ta jira ba, ta sayar da aladen da take kiwo don bikin waliyyin gari, aka je aka ɗauki hoton a wurin 'yan kasuwa. Ya fito tsaf, tabon da ke nan suna nan, ba ƙari. Likita Arizmendi ta ce labari ne mai daɗi. Suka fito bakin titi su biyu, aka rasa wadda ta san irin fuskar da ya kamata a yi. A ƙarshe Chayo ta ce, "Kaico da aladena," suka yi dariya har Herlinda ta ji hawaye.

A wannan zaman jiran ne Herlinda ta gano abin da zafi ke yi mata. Injin kombi a ƙarƙashin kujerar direba yake. In rana ta take, ƙarfe ya gasu, sai tafin ƙafar ya koma auduga, ta riƙa taka birki da ƙiyasi. Da ta sauka ta jiƙa ƙafar a ruwan sanyi sai ji ya dawo. Ta ce wa Don Macario tsohuwarsu ba ta jin daɗi, a bar mata lodin safe kawai. Ta riƙa naɗe gorar ƙanƙara a tsumma tana sa ta ƙarƙashin cinya. Tsoro take ji sosai, kuma ba na mutuwa ba. Tsoronta ranar da za ta aika ƙafar nan birki ta ƙi zuwa, da mutane cike a bayanta, a ce dama mace ce. Ban da tuƙi ba ta iya komai ba, ba ta kuma son iya komai.

Gidansu, kamar yawancin tsofaffin gidajen ƙauyenmu, akwai temaskal a bayansa, ɗan ɗakin siracen nan na laka da ake shiga da rarrafe. Ran Asabar ake hura shi, ko in an yi haihuwa. Wata Asabar Herlinda ta shiga tare da Chayo, aka watsa wa duwatsu ruwa, tururi ya tashi, suka bubbuga wa juna ganye a baya. Da aka zo fita ƙafar ta mutu murus har ƙugu. Chayo ce ta janyo ta waje ta hammata. Suna zaune a tabarma, iska na busa su, ji ya fara dawowa a hankali. Chayo ta ƙura wa ƙofar temaskal ido.

"Linda," ta ce, "ashe a gida muke da shi muna ta yawon jiran sa."

"Da wa?"

"Zuwa na biyun mana. Ba shi take son gani ba? Mu kai mata shi da zafinsa."

Herlinda ta ce hauka ne. Ta faɗa ran Asabar, ta maimaita ran Lahadi. Amma lokacin ganin likita na matsowa, ta riƙa tunanin ai ba ƙarya ba ce. Ƙafar da gaske take mutuwa. Abin da za su yi kawai su sa ta mutu a gaban wadda ke da biro.

Ranar ta faɗo Talata, cikin Janairu, lokacin da ruwa ke daskarewa a bokiti. Tun da jijjifi Chayo ta cika murhun temaskal da itace. Hayaƙi ya tashi, maƙwabta suka fara leƙo kai ta kan shinge suna tambayar wa ya haihu. Mahaifiyarsu, Doña Frosina, ta fito da mayafi a ka ta tsaya tana kallon wutar.

"Cikin ɗakin nan aka gasa ni bayan na haife ku," ta ce. "Uwata ma haka. Ban taɓa jin an hura shi don a kira cuta ba."

"Mama, ba kiran ta muke ba, tana nan," in ji Chayo. "Fito da ita za mu yi a gan ta."

"Ke dai tun kina yarinya dabararki ta fi hankalinki yawa."

Duk da haka ita ta tsinko ganyen, ita kuma ta dama kunun masara ta cika fulas biyu.

Herlinda ta zauna a ciki har kanta ya fara juyawa. Aka fito da ita, aka sa mata wando biyu, aka naɗe ta da bargo uku, aka cusa ta a gaban akori-kurar mijin Chayo, aka kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe. Suka bi ta bayan gari don kada 'yan tasha su gani. Mijin Chayo ya tuƙa yana zufa yana roƙon a buɗe gilashi ko kaɗan ne, Chayo ta ce in ya taɓa shi sai dai ya nemi wata matar. Har suka shiga Puebla ƙafar a mace take, Chayo na mintsinin ta lokaci-lokaci don ta tabbatar.

Abin da ba su lissafa ba shi ne barandar asibiti. Doguwa ce, benci na siminti, ƙofa a buɗe ta kowane gefe, iska na wucewa kamar an biya ta. An ce musu su zo da safe, amma aka kira likitar ɗakin gaggawa. Suka zauna. Fulas na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare. Bargunan suka huce. Wajen tsakar rana Herlinda ta ji yatsunta ɗaya bayan ɗaya suna dawowa, har ɗinkin safarta tana ji.

"Yaya, ta dawo fa."

"Ba ta isa ba." Chayo ta durƙusa tana murza ƙafar da tafin hannu, tana hura mata iska. "Munafukar ƙafa. A gida ki mutu, a gaban hukuma ki tashi." Da aka kira sunansu ta raɗa mata, "Ki ja ta dai. Kin san yadda take yi."

Herlinda ta shiga tana jan ƙafa, kunya kamar ta nutse. Likita Arizmendi ta sa ta hau gado. Ta buga gwiwar da 'yar gudumarta, ta ɗora ƙarfe mai rawa a idon sawu, ta ce ta rufe ido ta faɗi inda aka taɓa. Herlinda ta so ta yi kuskure da gangan, bakinta ya ƙi. Likitar ta sunkuyo, ta ɗan shaƙi iska kusa da gashinta, ta miƙe.

"Wa ya haihu a gidanku?"

Herlinda ta dubi Chayo.

"Kakata 'yar wajenku ce, daga garin Huamantla," in ji likitar. "Na san ƙanshin nan." Ta koma kujerarta ta cire tabarau. "Ba ku kuka fara ba. Akwai wanda ya zo min daga gidan burodi, ya wuni a bakin tanda. Zafi ba ya kawo sabon ciwo, tsohon tabon yake tayarwa, da an huce ya kwanta. Zuwan da ƙa'ida ke nufi sai ya wuce wuni da kwana, ba zafi, ba zazzaɓi, kuma ya bar alamar da zan iya gani."

Chayo ta jawo kujerarta kusa, ta sassauta murya irin ta ciniki. "Likita, mu nan uku ne. Ke da bakinki kika ce a zuciyarki shi ne. Ki rubuta ya zo sau biyu mana. Wa zai sani?"

"Kwamiti hoto yake dubawa, ba rubutuna kawai ba. In suka kama ni sau ɗaya, duk wanda na tura bayan ƙanwarki sai sun yi shakkar sa. Kuma na taɓa rantsewa a zuciyata kan wata mata, ashe wani ciwon ne daban, wanda wannan maganin ƙara shi yake. Ƙa'idar ba don mugunta aka yi ta ba."

"Amma kanmu take ƙarewa."

"E. Wannan karon kanku take ƙarewa."

Herlinda ta sauko daga gadon, ta daina jan ƙafar tunda ba amfani. "To ni me zan yi, Likita?"

"Ki guji zafi. In ƙafar ta mutu kada ki hau mota. Kuma duk abin da ya zo sabo, ko da rana ta hutu ce, ki taho kai tsaye, kada ki bi ta kan kowa."

"Wato in jira."

"Ki jira."

A hanyar komawa mijin Chayo ya buɗe gilashi, Chayo ba ta hana shi ba.

Ciwon ya zo a damina, a rana mai sanyi, ba zafi ko kaɗan. Tun jajibirin ranar silifas ɗinta na dama ya riƙa suɓucewa a tsakar gida, ta ce ai ya tsufa ne. Ji dai tana ji sarai, ita kuma mutuwar ƙafa kawai ta saba tsoro. Da safe ta yi lodi, yawanci mata masu zuwa kasuwa. Sun wuce gonakin farko, an shiga gangare, ga kwanar nan da ke gaban tsohuwar gada. Ta ɗage ƙafa daga totur za ta kai birki, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Yatsun suka ja ƙasa, takalmin ya shige ƙarƙashin birkin.

Ba ta yi ihu ba. Ta taka kuloci da hagu ta sauke giya, injin ya yi kuka, ta sake saukewa, ta ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, sannan ta ƙetaro da ƙafar hagun ta danna birki. Motar ta yi tsalle biyu ta tsaya a gefen hanya, hancinta cikin ciyawa. Tumatirin wata ya watse ƙarƙashin kujeru.

"Yau kuma lafiya, 'yar nan?" in ji wata tsohuwa daga baya. "Ko saurayi kika hango?"

"Mota ce ta samu matsala, Doña. Ku yi haƙuri, yanzu za a turo wata."

Ta kashe inji ta kira Don Macario ta ce ya turo mutum. Da kansa ya zo, da wata motar da wani direban. Aka kwashe fasinja da tumatirinsu. Ya zagaya kombin, ya leƙa ƙarƙashi, ya zura hannu ta ƙofa ya danna birkin, ya ji shi da ƙarfinsa. Ya dube ta, har yanzu tana zaune a kujera, hannu biyu a kan sitiyari.

"Sauko mana."

"Ba zan iya ba, Don Macario."

Ta jira zagin. Da ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Sai ya cire hularsa, ya sake sawa, ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun murar nan."

"Murar bara waccan?" Ya kama ƙofar motar zai hau. "Matsa can, 'yata. Ina ne asibitin?"

A Puebla komai ya tafi da sauri, har abin ya ba ta haushi. Na'urar da aka ce ana jiran kayan gyaranta ta gyaru. Kafin yamma an ɗauki hoto, ga sabon tabo a laka yana haskawa, ko Chayo ta nuna shi da yatsa ba a gwada mata ba. Aka sa mata ƙarin ruwa na kwanaki don a kwantar da kumburin. Likita Arizmendi ta zo bakin gado ta ce yanzu ta rubuta, kwamiti ya sa hannu, magani zai fara. Chayo ta tafa hannu ta ce, "Mun samu," sannan ta ga ƙafar ƙanwarta kwance a karkace ƙarƙashin zanin gado, ta fita baranda ba ta dawo ba sai da aka jima.

Maganin ya yi aikinsa, ciwon bai sake dawowa ba. Ƙafar kuwa rabinta ta dawo. Herlinda tana tafiya da sanda da wata roba da ke riƙe mata idon sawu, tana zuwa coci, tana zuwa kasuwa. Abin da ba ta iyawa shi ne ɗage yatsun da sauri, wanda kuma shi ne duk aikin direba. Aka ba wani ɗan ƙauyen kombin yana ja. Don Macario ya kafa mata tebur a rumfar tasha, ita ke faɗin motar da ke kan layi da wadda za ta tashi. Ta iya aikin, direbobi na shakkar bakinta, amma ba ta son sa. In kombinta ta shigo tasha aka taka birki mutane suka dungura, sai ta sunkuyar da kai kamar tana neman wani abu a aljihu.

Shekara ta zagayo. Ta je ganin likita na al'ada ita kaɗai, ta tarar da ɗalibai a ofis, samari da 'yan mata cikin fararen riguna, sun jeru jikin bango. Likita Arizmendi ta tambaye ta ko ta yarda a yi musu darasi da hotunanta. Ta ce ba komai, ai ba tsirara ba ne.

Likitar ta buɗe hoto a kwamfuta ta juya shi wajensu. "Mace, shekara talatin da biyu. Ƙafar dama ta mutu har ƙugu na makonni, ta dawo da kanta. Sau ɗaya ne, ba ta taɓa yin wani abu kafin nan ba. Ga hoton, duk tabon tsofaffi ne. Ga sakamakon ruwan baya. An duba sauran cututtuka, babu. Me za ku ce?"

Ba su ko yi shawara ba. Wata 'yar gajera da ke gaba ta ce, "Esklerosis ne. Wuri fiye da ɗaya a hoto, ruwan baya kuma ya tsaya a madadin zuwa na biyu." Sauran suka gyaɗa kai.

"Sai me?"

"A fara magani."

"Yaushe?"

"Yanzu."

Herlinda ta dubi yarinyar, ta dubi hoton. Ta san shi, ta daɗe tana ganin sa in ta rufe ido. "Likita," ta ce, "wannan ba nawa na farko ba ne?"

"Shi ne."

"An ƙara masa wani abu?"

"Ba a ƙara komai ba. Ƙa'idar ce aka sake. Likitocin sun zauna sun duba mutane da yawa irinki, suka ga in ruwan baya ya nuna haka, jiran ba ya ƙara gaskiya. Yanzu ba a jira."

"Yaushe aka sake?"

"Ƙarshen shekarar da muka kwantar da ke a nan. 'Yan watanni bayan nan."

Ɗaliban suka daina rubutu. Herlinda ta gyara riƙon sandarta. Ta ji zuciyarta ta yi zafi, ta nemi wanda za ta ji haushinsa ta rasa. Matar nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, mutanen da suka zauna can wata ƙasa kuwa ba su ma san da ita ba.

"Da an ba ni tun ranar, da ƙafar tana nan?"

"Ban sani ba," in ji likitar. "Ba kowa maganin ke tsarewa ba. Amma da na so a ce an gwada. Shi ya sa nake nuna musu ke, ba hoton kawai ba."

Ta ce wa 'yar gajerar ta ɗauki tarihin maras lafiya daga farko, yadda aka koya musu. Yarinyar ta matso da allon rubutunta. Ta tambayi suna, ta tambayi gari, ta tambayi ko akwai aure.

"Sana'a fa, Doña?"

"Direba," in ji Herlinda.

Yarinyar ta kalli sandar, ta kalli robar da ke idon sawun, biro a sama. Ta waiwayi malamarta.

"Rubuta abin da ta ce," in ji Likita Arizmendi.